Dokin Ƙarfe a Damagaram: Tarihin Tsohon Babur da Sana'ar Tayar da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Birni da Zango a Zinder ya san irin kayan da akan jingine a zaure ko a bayan rumbu idan zamaninsu ya wuce: tsohon sirdi, da akwatin ƙarfe, da keken ɗinki, wani lokaci kuma da babur wanda tayoyinsa suka sace, ƙura ta rufe lambarsa, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. Sirdin yana da masu girmama shi, domin kowa ya yarda cewa kayan doki kayan tarihi ne. Babur kuwa ba shi da mai tsaya masa. Ranar da 'yan gwangwan suka zagayo da sikelinsu, sai a ɗora shi a auna, a biya kuɗin nauyin ƙarfensa, a farfasa shi a loda a babbar mota.

Wannan maƙala za ta bi sawun baburan doguwar tafiya da suka shigo ƙasar Damagaram, waɗansu ta hamada, waɗansu ta hanyar Kano, sa'an nan ta duba yadda ake tayar da irinsu bayan sun shekara da shekaru a kwance. Abin da take son tabbatarwa shi ne, tsohon babur shaida ne na tarihi, kuma ba a iya karanta shaidarsa duka sai an mai da shi kan ƙafafunsa ya yi tafiya. Sana'ar da ke iya yin haka tana da saiwa a Damagaram tun kafin zuwan inji, kuma ita ce ke cikin haɗarin ɓacewa fiye da ƙarfen kansa.

Garin ayari da maƙera

Zinder ta girma ne a kan hanya. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma da ke fitowa daga Tarabulus da Gat yakan ratsa Abzin da Damargu, ya sauke kaya a Zango kafin ya wuce Kano, wata hanyar kuma ta miƙa gabas zuwa Kukawa ta Barno. Matafiyan Turai na farko ma wannan hanyar ce ta kawo su: James Richardson ya zauna a garin a farkon shekarar 1851, Heinrich Barth kuma ya iso a ƙarshen 1852 ya tashi a farkon 1853. Garin da ayari ke yada zango dole ne ya zama garin masu gyara, domin babu fataken da za su ƙetare hamada ba tare da igiya ta tsinke ba, ko salka ta huje, ko sirdi ya karye. Saboda haka dukawa da maƙera suka samu gindin zama a Zinder, aikin fatar garin kuma ya yi suna har wajen ƙasar.

A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda mulkinsa na biyu ya kai daga 1851 zuwa 1884, sana'ar ƙira ta kai wani matsayi da ba kasafai ake samun irinsa ba a wannan yanki. Shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fataken arewa, kuma a ƙarƙashinsa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin garin. Masana tarihi irin su André Salifou, wanda littafinsa kan daular Damagaram ya fito a 1971, sun nuna yadda wannan ƙarfin makamai ya ba sarkin damar faɗaɗa ƙasarsa. Abin lura ga wannan maƙala shi ne halin da ke bayan aikin. Bindiga baƙuwa ce, an ƙera ta a wata duniya, babu mai sayar da kayan gyaranta a kasuwar Zango. Maƙerin Damagaram ya kwance ta, ya gane yadda kunamarta ke aiki, ya ƙera abin da ya karye da uwar maƙera da masaba da zuga-zugi. Wannan hali na kwance baƙon abu a fahimce shi a raya shi, shi ne gadon da bakanike ya tarar.

Zuwan inji

An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a watan Mayu na 1898, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga garin, daga 1911 zuwa 1926 kuma Zinder ce hedikwatar yankin Nijar kafin a mayar da ita Yamai. A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911, sai kasuwar ayari ta fara ja da baya, gujiyar Magariya da Matamai ta kama hanyar kudu. Raƙumi bai ɓace ba, amma ya samu kishiya.

A ƙarshen shekarar 1924 ayarin motocin Citroën guda takwas, masu sarƙa a madadin tayoyin baya, ya ratsa Zinder a kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun taso ne daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba. A cikin shekarun 1930 kuma aka buɗe zirga-zirgar motocin fasinja a kan hanyar Hoggar, wadda ta taso daga birnin Aljiyas ta bi In Salah da Tamanraset da Agadas, ta gangaro Zinder ta ƙare a Kano. Ashe tsohuwar hanyar ayari ce ta sake riga.

A kan wannan hanya ne aka yi gyaran babur mafi shahara a tarihin Nijar. Ranar 11 ga Disamba 1934 waɗansu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan da nufin zuwa Cape Town ta Afirka ta Kudu. Baburinsu Panther ne mai silinda ɗaya, mai girman inji cc 600, ƙirar kamfanin Phelon & Moore da ke Cleckheaton a arewacin Ingila. An haɗa masa kwando a gefe, yana kuma jan ƙaramar tirela mai ɗauke da tanti da ruwa da mai. Nauyin ya yi wa inji ɗaya yawa a cikin rairayi. Kafin su kai Agadas injin ya mutu, sai da suka yi zaman makonni a garin suna jiran kayan gyara daga masana'anta. Da kayan suka iso, su biyun suka kwance injin suka sake ɗaura shi da hannunsu, suka gangara zuwa Kano, suka ci gaba har suka isa Cape Town ranar 29 ga Yuli 1935, bayan wata bakwai da rabi a hanya. Labarin tafiyar da Wallach ta rubuta bai fito a littafi ba sai 2001, shekara biyu bayan rasuwarta.

Darasin wannan tafiya ya shafi duk wani tsohon babur. An ƙera injin wancan zamani ne da sanin cewa zai lalace nesa da masana'anta, don haka aka yi shi yadda mutum ɗaya mai sifana da haƙuri zai iya buɗe shi a inuwar bango ya ga ciwonsa da idonsa. Wannan sauƙin ƙira shi ne dalilin da ya sa har yau ake iya tayar da su.

Zamanin matafiya da masu tsere

Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1980 hanyar Hoggar ta cika da matasan Turai. Waɗansu suna tuƙo tsofaffin motocin Peugeot su sayar a Arlit da Agadas da Zinder da Yamai su koma gida a jirgi, waɗansu kuma suna zuwa a kan babur, da jarkokin mai da ruwa ɗaure a gefe. Babura biyu ne suka fi fice a wannan zamani. Na farko shi ne Yamaha XT500, wanda ya shiga kasuwa a 1976, mai silinda ɗaya, ana tayar da shi da ƙafa, baƙin mansa kuma yana zaune a cikin bututun firam ɗinsa. Na biyu shi ne BMW R80 G/S na 1980, mai silinda biyu da suka leƙo hagu da dama, wanda sandar ƙarfe ke juya ƙafarsa ta baya a madadin sarƙa, abin da ya rage wa matafiyi wahalar rairayi.

Tseren Faris zuwa Dakar shi ya ƙara wa waɗannan babura suna. Thierry Sabine, wanda ya ɓace a hamada a kan babur a 1977 aka ceto shi, shi ne ya kafa tseren. An tashi karo na farko ranar 26 ga Disamba 1978, aka bi ta Tamanraset da Agadas da Yamai, Cyril Neveu kuma ya zo na ɗaya a kan XT500. Hubert Auriol ya ci a kan BMW a 1981 da 1983. A 1986 tseren ya gangaro daga Dirku da Agadem ya biyo ta Zinder zuwa Yamai, kwanaki kaɗan bayan haka Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali, ranar 14 ga Janairu. Tseren ya kawo ciniki na 'yan kwanaki a garuruwan da ya yada zango, ya kuma jawo asarar rayuka, har da na mutanen ƙauyukan da ba su da ruwa da gasar. Tun 2009 ya bar Afirka, ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya.

Sai dai tarihin babur a Damagaram bai tsaya ga baƙi ba. Baburan da suka fi yin tafiya a ƙasar su ne na ma'aikata: sufeton makarantu da ke zagaya Mirriya da Gure da Tanut, da malamin gona, da ma'aikacin allurar rigakafi, da malamin dabbobi. Mobylette ta kamfanin Motobécane ta shigo ta ɓangaren Faransa, Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki kuma da yawansu ta Kano suka biyo, tafiyar kilomita kimanin 240. Honda CG125, wadda ta fito a 1975, kamfanin ya tsara injinta ne musamman bayan injiniyoyinsa sun lura cewa a ƙasashe masu tasowa ana barin baƙin mai ya daɗe ba a canza ba, ba a kuma kai babur wurin bakanike sai ya tsaya. Ga malamin da aka tura ƙauye mai nisan yini guda daga kwalta, babur shi ne hanyar karɓar albashi, shi ne motar asibitin unguwa, shi ne kuma alamar cewa karatu ya yi rana.

Abin da ya kwantar da su

Abubuwa uku suka taru suka jingine waɗannan babura. Na farko, a farkon shekarun 1990 rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka rufe hanyar hamada ga matafiya, sai kayan gyaran da sukan zo da su suka yanke. Na biyu, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, kuɗin duk wani fistin ko kafireta da ake shigowa da shi ya ninka a dare ɗaya. Na uku, a shekarun 2000 baburan Sin masu araha irin su Kasea da Jincheng suka cika kasuwa, sana'ar kabu-kabu ta bunƙasa a kansu. Mai tsohon babur ya duba ya ga kuɗin gyaran injinsa ya kusa sayen sabo, sai ya tura shi zaure da niyyar wata rana.

Sabon yayi ya sauya aikin gareji ma. Kayan baburan yanzu suna da araha har ta kai ba a ɓata lokacin gyara su, cirewa ake yi a jefar a sa wani. Yaron da ya koyi aiki a wannan zamani ya iya sauya kafireta cikin ɗan lokaci, amma ba lallai ba ne ya taɓa ganin yadda ake daidaita kwantak da ido da kunne. Tsofaffin da suka san wannan suna ta raguwa, iliminsu kuma a kai yake da tafin hannu, ba a rubuce ba.

Akwai dai wata sa'a da Damagaram ta yi. Tsatsa ita ce babbar abokiyar gabar ƙarfe, ita kuwa laima take so. Babur da ya shekara ashirin a zauren Zinder, inda damina gajera ce iska kuma busasshiya, yakan fi wanda ya yi shekara biyar a bakin teku lafiyar firam da tanki. Abin da ƙasar ke ci shi ne roba da fata da wayoyi, waɗanda zafi ke busarwa su tsattsage, sai kuma ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa.

Yadda ake tayar da shi

Kuskuren farko da mai ɗoki kan yi shi ne ya zuba fetur ya hau buga kik. Injin da ya daɗe a tsaye ba shi da sauran mai a jikin silindarsa, ringin fistin kuma sau da yawa sun manne. Bugu ɗaya mai ƙarfi yana iya karya ringi ya karce silinda, a yi asarar abin da ba a samun madadinsa. Sannu ba ta hana zuwa. Gwanin aiki yakan fara ne da takarda da alƙalami: ya rubuta lambar firam da lambar inji, domin su ne ke faɗin shekarar ƙira da irin kayan da za su dace, ya ɗauki hoton kowane ɓangare kafin ya taɓa shi, ya tanadi gwangwanaye da zai riƙa zuba kusoshin kowane wuri dabam.

Daga nan sai ya cire fulogi, ya ɗiga mai mara kauri a cikin silinda, ya bar shi kwanaki yana jiƙa. Bayan haka ya ɗaga ƙafar baya, ya sa babbar giya, ya riƙa juya tayar da hannu a hankali gaba da baya har fistin ya saki. Sai ya tsiyaye tsohon baƙin mai a faranti ya duba shi a rana. Idan ya ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, to boris ko wani abu a ciki ya ci, dole a buɗe injin gaba ɗaya. A kan XT500, wanda bai san cewa man yana cikin firam ba zai tsiyaye na ƙasa kawai ya bar mafi yawa a sama, abin da ke nuna amfanin sanin halin kowace ƙira kafin a sa mata sifana.

Inji yana bukatar abu uku kafin ya tashi: matsi, da wuta, da mai gauraye da iska, kuma kowanne ya zo a daidai lokacinsa. Matsi yana samuwa ne idan ringi da bawul suna rufewa ruf. Idan silinda ta cinye, sai a kai ta wurin mai injin fiƙe ƙarfe ya faɗaɗa ta kaɗan a sa fistin da ya fi na da girma, bawul kuma a goge bakinsu da garin dutse har su zauna daram, a daidaita tazarar da ke tsakaninsu da abin da ke danna su. Wuta a tsofaffin babura tana fitowa ne ta kwantak, wato ƙananan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa yayin da inji ke juyawa. Akan goge fuskarsu, a daidaita tazararsu, a duba kwandansa da kwayil, sa'an nan a jingina fulogi a jikin inji a juya. Shuɗiyar wuta mai ƙara alama ce ta lafiya, ja mai rauni kuwa tana nufin da sauran aiki.

Ɓangaren mai shi ya fi cin lokaci. Fetur da ya daɗe yakan bushe ya bar wani danƙo kamar ƙaro a cikin tanki da kafireta, ya toshe ramukan da ba su fi bakin allura ba. Akan kwance kafireta a jiƙa ta, a busa ramukan da iska. Wanda ya zura musu waya ya faɗaɗa su, babur zai tashi amma zai riƙa shan mai yana hayaƙi har abada. Tanki kuma akan zuba masa ƙananan kusoshi ko tsakuwa da kananzir a girgiza har dattin ya saki, a wanke a shanya. Matatar iska ba a yi mata rowa a ƙasar rairayi, domin ƙurar da ta wuce ta takan gauraya da mai ta zama abin wasa wuƙa a cikin silinda.

Injin da ya tashi bai zama babur mai tafiya ba tukuna. Saura birki da wayoyinsa, da boris na ƙafafu da na wuya, da sarƙa da haƙoranta waɗanda ake sauyawa tare, da tayoyi, waɗanda ko da zanensu bai goge ba shekaru sun riga sun kashe su. A nan ne sauran sana'o'in gari ke shigowa. Mai walda ya ɗinke salansa, maƙeri ya ƙera maƙalin da babu shi a kasuwa, baduku ya sake wa sirdi fata kamar yadda kakansa ya yi wa dawakin fada. Abin da ya gagara a Zinder akan neme shi a Kano ko Maraɗi, a yau kuma ƙungiyoyin masu tsofaffin babura a Turai da Japan suna sayar da kayan XT500 da BMW ta intanet. Ranar da aka tayar da shi, akan bar shi ya yi ɗumi ana saurare, domin kunnen gwani yana bambanta ƙarar bawul da ta boris. Tafiyar farko gajera ce kuma a hankali, sai an yi 'yan ɗaruruwan kilomita an sake mai kafin a sake masa linzami.

Sabuntawa ko adanawa

Akwai tambayar da kan raba masu wannan aiki gida biyu: shin a mai da babur kamar ranar da ya fito daga masana'anta, ko a bar masa tabon shekarunsa? Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin ababen hawa, FIVA, tana ɗaukar abin hawa a matsayin na tarihi idan ya kai shekara 30. A 2012 ta amince da wata yarjejeniya da aka sa wa sunan birnin Turin na Italiya, wadda ta fara aiki a 2013, bisa tafarkin yarjejeniyar Venis ta 1964 kan tsofaffin gine-gine. Jigon abin da ta ƙunsa shi ne a riƙe kayan asali gwargwadon iko, a rubuta duk abin da aka sauya, a ɗauki sauye-sauyen da abin hawa ya samu a lokacin aikinsa a matsayin ɓangaren tarihinsa, a kuma ci gaba da hawansa a kan hanya.

Wannan ƙa'ida ta dace da Damagaram ƙwarai. Babur da ya yi aiki a nan ba ya rasa kariya da maƙerin unguwa ya ƙera masa don ɗaukar buhun hatsi, ko walda a inda ramin hanyar Tanut ya karya shi, ko lambar wata ma'aikata a jikin tanki, ko wata addu'a da mai shi ya sa aka rubuta a madigadi. Wanda ya kankare waɗannan duka ya fesa sabon fenti, ya samu babur mai kyan gani irin wanda ake da dubbansa a Turai, ya kuma shafe abin da ya mai da shi na Damagaram. Masu gyaran tsofaffin gidajen Birni, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006, sun san wannan matsala: yaɓen siminti yana sa bango ya yi sumul, amma yana binne zanen magina.

Harshen gareji

Ga malamin harshe, garejin Zinder taska ce. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta ratsa har cikin akwatin kayan aiki. Abin da Bakano ke kira babur ko mashin, Badamagare moto yake ce masa. Fulogi a Kano buji ne a Zinder, fetur kuma esansi. Bakaniken da ke sayayya a ƙasashen biyu yana riƙe da kalmomin duka, yana juya harshe gwargwadon wanda ke gabansa. A ƙarƙashin waɗannan aron kuma akwai tsohuwar Hausar doki da ba ta gushe ba: ana hawa, ana sukuwa, ana goyo, babur yana tutsu, yana ƙin tashi, yana shan mai. Sunan dokin ƙarfe da aka laƙaba wa keke da babur ya nuna ta wace ƙofa baƙon ya shigo tunanin Bahaushe. Sunayen kayan tsofaffin injuna suna mutuwa tare da injunan, ƙamus kuwa bai kama yawancinsu ba.

Kammalawa

Nijar ta taɓa nuna cewa ta san darajar abin da hanya ta bari. Lokacin da babbar mota ta kaɓe shahararriyar bishiyar Tenere a 1973, an ɗauko gangar jikinta zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Baburan da suka ɗauki malamai da ma'aikatan lafiya zuwa ƙauyukan Damagaram sun cancanci kwatankwacin wannan kulawa, kuma aikin bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ko makaranta ɗaya ba. Ana iya farawa da ƙidaya: a bi unguwa-unguwa a rubuta irin baburan da suka rage, da lambobinsu, da labarin masu su daga bakin iyalansu. Sa'an nan a zaɓi guda ɗaya, a damƙa shi ga tsohon bakanike tare da ɗalibai kaɗan, a sa sharaɗin cewa duk abin da ya yi sai ya faɗi sunansa da dalilinsa, ɗalibai suna rubutawa suna ɗaukar murya. Malamin kimiyya zai samu darasin matsi da wuta a zahiri, malamin tarihi zai samu shekarun 1970 da 1994 a jikin ƙarfe, malamin Hausa kuma zai fita da jerin kalmomin da ba su cikin kowane littafi. Gidan tarihi na Zinder da Jami'ar André Salifou wurare ne da suka dace a ajiye abin da aka tattara.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai idan ba a zubar da ita ba. Kayan gyara ana iya aiko da su daga nesa, kamar yadda aka aika Agadas a 1935. Hannun da ya san inda za a sa su kuwa a gari yake, kuma yawancin masu shi sun manyanta. Ƙungiyar da ke da niyyar wannan aiki, gara ta fara da ziyartar su tun suna iya riƙe sifana.